Katantanwar da Almu Ya Tsinto a Jidda

Tun da Malam Sada ya shiga aji da safiyar Talatar nan hankalinsa bai zauna wuri ɗaya ba. Ya rubuta kwanan wata a allo, ya goge, ya sake rubuta shi yadda yake. Abin da ke damunsa bai taka kara ya karya ba. Wani gwangwanin madarar gari ne da ya gani jiya cikin kayan yayansa.

Yayan nasa, Almu, baduku ne a Ƙofar Guga. A shekarun nan da arzikin mai ya shigo gari, kowane sabon ma'aikaci yana son tumtum a falonsa da jakar fata a hammata, sai sana'a ta buɗe masa har Allah ya kira shi Makka. Jiya da la'asar ya sauka. Ana tsakiyar raba dabino da zamzam ya jawo Sada gefe, ya nuna masa gwangwanin da ƙafa.

"Na zo maka da abin da zai ɗaure maka kai, kai da bokonka," in ji shi. "Amma sai gobe, in mutane sun ragu."

Sada ya yi dariya ya wuce. Sai da ya kama alli yau abin ya dawo masa: an huda murfin gwangwanin da ƙusa wuri uku. Ba a huda wa dabino murfi. Ba a huda wa turare. Abin da ke numfashi ake huda wa.

Da aka buga ƙararrawar tara ya tafi ɗakin malamai. Shekara biyu ke nan da buɗe karatun firamare kyauta, kwalejojin horon malamai sun cika sun batse, gwamnati ta ɗebo malamai har daga Indiya da Filifin. Mista Magno ɗaya ne daga cikinsu, ɗan masunta daga wani tsibiri, teburinsa na jikin na Sada. Yana da wata katantanwa da yake danne takardu da ita, tsawon tafin hannu, mai faɗi a sama da tsini a ƙasa, da zane fari da ruwan ƙasa kamar taswira.

Watanni da suka wuce Sada ya taɓa ɗaukarta yana juyawa, Magno ya ce da mai ita yana ciki da bai riƙe ta haka ba. Dodon koɗin teku ne, kifi yake ci, shi da ba ya iya gudu. Yana da 'yar kibiya a cikin wani siririn bututu, in ya harba kifin ya sandare nan take. Ƙanwar Magno tana aiki a wani ɗakin bincike a ƙasarsu inda suke tatsar dafin suna rarrabe shi, kuma takan rubuto masa abin da suke gani. Dafin ba abu guda ba ne. 'Yan guntayen furotin ne iri-iri, kowanne da inda ya nufa.

Ranar nan Magno ya zana masa a bayan takardar jarrabawa. Jijiya da tsoka suna da ƙananan ƙofofi a jikinsu, ido ba ya ganinsu. Sukan buɗe su bar gishirin jiki ya shiga, sannan su rufe, kuma wannan buɗewa da rufewa ita ce saƙon da ke cewa hannu ɗagu, ƙirji buɗe. Wani guntun dafin yakan je ya tokare ƙofar da tsoka ke karɓar saƙo daga jijiya. Wani ya tokare na cikin tsokar kanta. Ba sa fasa komai, tokarewa kawai suke yi, kuma sannu a hankali jiki yakan fitar da su. Mutum yana ji, yana sane, amma ko fatar idonsa ba zai iya ɗagawa ba. Daga ƙarshe ƙirjin ma ya tsaya.

"Zuciya fa?" Sada ya tambaya a lokacin.

"Nata ƙofofin wata ƙira ce daban, abin bai dace da su ba. Tana ci gaba da bugawa muddin iska na isa gare ta. A tsibirinmu wanda aka yi ta hura wa numfashi ya tashi. Wanda aka tsaya yi wa kuka, an binne shi."

Yau katantanwar tana nan bisa takardu inda ta saba zama. Sada ya tsaya a kanta da kofin shayi a hannu, ya kasa kurɓa.

"Mista Magno, irin wannan akwai ta a Bahar Maliya? Wajen Jidda?"

"Akwai mana. Me ya faru?"

Sada ya dire kofin, ya ce wa Magno ya riƙe masa ajinsa na gaba, ya fita.

Babur ɗinsa bai kai shi gida ba. Tun kafin Sallah 'yan kwangila suka haƙe unguwar don shimfiɗa bututun ruwa, suka tafi wani aikin suka bar ramuka a buɗe, kowane lungu da katakon da ake tsallakewa. Ya jingine babur a bakin rami ya ƙarasa da ƙafa, rabi tafiya rabi gudu, yana amsa gaisuwa da hannu.

Mutum uku ya tarar a zaure. Almu yana zaune bisa buzu cikin farar jallabiya, sabon haƙorin Makka yana ƙyalli. Kusa da shi Kawu Babaji, yayan mahaifiyarsu, dattijon da duk unguwar ke kira in an yi rasuwa, shi ke wanka shi ke sutura. Sai Idi maƙeri, ɗan gwaggonsu, taubashin Almu, wanda tun suna yara ba su taɓa rabuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Gwangwanin yana tsakiya a buɗe. Katantanwar na ciki, cikin 'yan ruwa da rairayi, ga basillar ɗinki a yashe gefe.

"Ga ɗan boko nan ya ƙagu," in ji Almu. "Kwana tara muka yi a Jidda muna jiran jirgi, zama ya ishe ni, na bi wasu muka tahi bakin teku. Can na gan ta kwance cikin rairayi, na kwaso ta da gwangwani. Dubi santsinta. In na goge fata da wannan sai ka ga fuskarka a ciki."

"Yaya, ka taɓa ta?"

Idi ya kwashe da dariya. "Ita ta taɓa shi. Ya ɗora ta a tafin hannu zai sakato naman da basilla, kamar dodon koɗin tafki, ta miƙo wani ɗan hanci ta gaishe shi. Mutum ya je ya jefi Shaiɗan ya dawo lahiya, katantanwa ta sa shi ihu."

"Ban yi ihu ba, salati na yi."

Sada ya durƙusa ya kama hannun. Ɗan ɗigo ne a gindin babban yatsa, kewayensa ya yi fari.

"Yaushe?"

"An ɗan jima. Kamar harbin zuma ne, har ya daina zafi. Hannun ne dai ya mutu mani, da leɓɓana."

"Tashi mu tafi asibiti. Yanzu."

"Asibiti? Jiya na sauka, mutane na tahowa tun daga Ƙofar Sauri don su yi mani barka, su tarar da buzu ba kowa?"

"Yaya Alhaji, don girman ɗakin da ka je ka tashi."

Kawu Babaji ya ɗago kai daga carbinsa. Bai taɓa jin Sada ya ɗaga murya ba. "Halan wani mugun abu ne, Malam?"

Kafin Sada ya amsa, Almu ya lumshe ido ya buɗe da ƙyar. "Ikon Allah. Idi ya zama biyu. Ɗaya ma ya muka ƙare."

Idi ya buɗe baki zai rama, sai ya fasa, don maganar ta fito a tauna kamar ta mai magagi. Almu ya dafa ƙasa zai miƙe, hannun ya lanƙwashe, ya zube gefe. Suka tare shi suka kwantar. Idi ya ruga neman mota, ya dawo ba da daɗewa ba yana haki: Fijon unguwar guda ɗaya tana layin mai tun asuba, kuma ko tana nan ba ta da inda za ta bi ta shigo.

Cikin ɗan lokacin nan fatar idon Almu ta sauka ta ƙi ɗaguwa. Miyau ya zubo ta gefen baki. Numfashin ya koma sama-sama, kafaɗu na taya shi, sannan kafaɗun ma suka gaji. Masu zuwa barka suka fara taruwa a bakin zaure, kowa ya shigo da fara'a sai ya tsaya cak. Kawu Babaji ya juya shi ya fuskanci gabas, ya sunkuya a kunnensa yana maimaita masa kalmar shahada a hankali, yadda ya yi wa mutane da yawa. Da ƙirjin ya tsaya ya ciro 'yar auduga daga aljihu ya ɗora a hancin. Ko gezau ba ta yi ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji dattijon. Ya juya ga mutane, idonsa ya ciko amma muryarsa a natse. "Kada kowa ya yi mashi kuka. Jiya ya dawo daga Arfa, fes kamar ran da aka haife shi, bai ko shiga kasuwa ba. Wa zai samu irin wagga cikawa? Allah ya ba mu irinta."

"Amin," mutane suka amsa, kuma da gaske suke. Daga cikin gida kuka ya tashi. Wani ya tafi masallaci ɗauko makara, wasu biyu suka ce bari su je su fara haƙa don a samu sallar Azahar.

Sada ya ture hannun da ya zo ɗaure haɓar. Ya mayar da yayansa rigingine, ya ɗaga masa haɓa, ya toshe hancin, ya haɗa bakinsa da nasa ya hura. Ƙirjin ya taso. Ya saki, ya sauka. Ya sake hurawa.

"Subhanallahi!" wani ya ce daga ƙofa. "Gawar yake sumbata?"

"Sada," in ji Kawu Babaji a tausashe, "na san zafin ɗan'uwa. Bar shi ya huta."

Sada ya hura, ya kamo hannun dattijon ya danna yatsunsa a gefen wuyan Almu. "Kawu, me ka ji?"

Ya sake hurawa. Dattijon ya karkace kai, yatsunsa na kan wuyan.

"Tana bugawa," in ji shi. "Amma ai ta kan ɗan jima bayan rai ya fita. Na sha gani."

"Kawu, ka saurare ni." Sada yana magana ne a gutsure, tsakanin hurawa da hurawa. "In aka rufe ƙofofin garin nan duka. Ba mai shiga ba mai fita. Garin ya mutu?"

"A'a."

"To haka dafin nan ya yi. Ya tokare ƙofofin da saƙo ke bi zuwa nama. Mutumin yana ciki. Yana jin mu yanzu haka. In muka ba shi iska zuwa gobe, za su buɗe."

"In kuwa ba su buɗe ba, mun wahalar da bawan Allah a kan hanyarsa."

"In ba su buɗe ba, gobe kai za ka yi masa wanka. Ba zan ce uffan ba."

Labulen da ke tsakanin zaure da cikin gida ya motsa. Baraka ce, matar Almu, wadda ba ta taɓa magana a zauren nan maza na ciki ba.

"Kawu, ku yi haƙuri. Ku dubi idonshi."

Suka duba. Hawaye ne ya gangaro daga idon da ke rufe, ya bi ta gefen kunne. Kawu Babaji ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya mayar da audugar aljihu.

"To, me za mu yi?"

Sada ya sake hurawa. Kansa ya fara juyawa, bakinsa ya bushe, yana ganin wasu taurari. Ya san ba zai kai ko rabin awa a haka ba, balle gobe. Ya dubi mazan da ke tsaye ko wani zai karɓe shi, kowa ya sunkuyar da kai. Ba mugunta ba ce, abin ne ba su taɓa gani ba.

"Iska kake so?" in ji Idi. "Iska kawai?"

Sada ya gyaɗa kai.

"Baraka, ina zugazugin da ya ɗinka mani kafin ya tahi? Wanda ya ce sai ya dawo zai ba ni?"

Ta miƙo shi ta bayan labule. Sabo fil, bai taɓa ganin wuta ba. Fatar ɗan akuya ce da aka feɗe ɗungurungum, an ɗinke bututun icce a wuyanta, gindin kuma a buɗe da 'yan sanduna biyu da ake haɗewa da hannu kafin a danna. Sada ya sa bututun a bakin Almu, ya tattare leɓɓan a kansa da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe hancin. Idi ya buɗe fatar ta sha iska, ya haɗe, ya danna. Ƙirjin ya taso da ƙarfi har cikin ya kumbura.

"A hankali! Rabi kawai. Ba garma kake ƙerawa ba."

Idi ya rage. Amma hannun da ya shekara talatin a maƙera yana da nasa saurin, ba a jima ba ya koma fuf-fuf-fuf kamar mai tayar da gawayi. Sada ya tsayar da shi sau biyu, ya sake zarcewa.

"Ban san kaina ba nike yi," in ji Idi, gumi na ɗiga daga hancinsa. "Sai an yi mani ƙidaya."

Kawu Babaji ya gyara zama ya ɗaga carbinsa. "In na ce Subhanallahi wa bihamdihi, ka danna. In na ce Subhanallahil azim, ka saki, shi kuma Malam ya saki hanci. Kada ka riga ni."

Haka aka yi. Dattijon yana ja, Idi yana dannawa, Sada yana saki. Leɓɓan Almu da suka yi toka-toka suka fara dawowa.

Ana haka aka dire makara a ƙofar gida. Wanda ya ɗauko ta ya leƙo ya ga abin da ake yi, ya ce bari ya mayar. Sada ya dubi makarar, ya dubi ramukan da ke lungu da siraran katakan da ke kansu. A duk unguwar babu wani abin ɗaukar mutum a kwance wanda zai tsallake su sai ita.

"Bar ta," in ji shi. "Da ita za mu kai shi asibiti."

"Mai rai a makara?" wani ya ce. "Ba kyau."

"Icce ne da igiya," in ji Kawu Babaji, tsakanin tasbihi da tasbihi. "Ku ɗauka."

Suka ɗora shi. Baraka ta miƙo farin mayafi aka rufa masa daga ƙirji zuwa ƙafa saboda rana. Sada ya ce wa mutum huɗun da suka kama su riƙe ta ƙasa-ƙasa, daidai ƙugu. Suka fita: Sada a kai yana tafiya a karkace, hannuwansa biyu a fuskar yayansa, Idi a gefe da zugazugi a ƙirji, Kawu Babaji a ɗayan gefen yana tasbihi da ƙarfi don Idi ya ji. A kowane katako sai an tsaya, a bi ɗaya bayan ɗaya, bututun na neman zamewa.

Da suka fito babbar hanya abin da Sada bai yi tunani ba ya faru. Makara ce, da farin mayafi, ga Malam Babaji a gefe yana ambaton Allah. Mai shayi ya rufe tukunyarsa. Tela ya tashi daga kan keke. Leburorin da ke sauke siminti suka karkaɗe hannu suka biyo. Labari ya riga ya zaga cewa sabon Alhaji ya rasu kwana ɗaya da saukarsa, kuma kowa yana son ladan rakiyar irin wannan gawa. Kamar yadda aka saba, wanda ya zo sai ya matso ya karɓi kama, ya yi taku goma, wani ya karɓe shi. Sada bai lura ba, idonsa na kan ƙirjin. Ya dai ji makarar tana ta ɗaguwa, daga ƙugu zuwa ƙirji, daga ƙirji zuwa kafaɗa, har ya koma tafiya da ɗage, hannuwansa a sama.

"Ku sauke ta ƙasa!"

Muryarsa ta ɓace cikin la'ilaha illallahu ta mutum fiye da ɗari. Cikin huɗun da ke riƙe da makarar yanzu babu ko ɗaya da ya fito da ita daga gida. Ba su ga zugazugi ba, ko sun gani ba su tsaya tambaya ba.

Sai ga mararraba. Dama titin da ya nufi asibiti, hagu hanyar da ta fita ta ƙofa zuwa maƙabarta a bayan ganuwa. Ƙafafun mutane sun san hanyar da makara ke bi. Ba wanda ya yi shawara, ta karkata hagu. Juyawar ta fizge bututun daga bakin Almu, Idi ya yi tuntuɓe ya faɗi a kan zugazugin, taron ya wuce ta gefensa.

"Dama! Dama! Yana da rai!"

"Allah sarki, ƙanen ne," in ji wani, ya riƙe kafaɗar Sada da tausayi. "Yi haƙuri, Malam. Ku riƙe shi."

Hannuwa biyu, uku suka kama shi. Yana kallon makarar tana nisa da shi taku biyar, taku takwas, kuma yana ƙidayawa a ransa tun yaushe ƙirjin nan bai motsa ba.

Kawu Babaji bai yi ihu ba. Tattare babbar rigarsa ya yi, ya yi gudun da ba wanda ya san yana da shi, ya sha gaban makarar ya tsaya a tsakiyar hanya ya buɗe hannuwa. Dole aka tsaya. A Ƙofar Guga ba a taɓa binne kowa ba sai da izinin wannan tsohon.

"Ku aje ta ƙasa," in ji shi yana haki. "Wa ya yi mashi wanka? Ni ne mai wankan unguwar nan, ban wanke kowa ba yau. Wa ya sallace shi? Ku aje!"

Aka ajiye a tsakiyar hanya. Waɗanda suka riƙe Sada suka sake shi, ya faɗa kan yayansa ya haɗa baki ya hura, ya hura, ya hura. Ya taɓa wuyan. Tana nan, tana sauri kamar ta tsuntsu, amma tana nan. Idi ya iso da gwiwa a ƙuje, ya duba fatar bai ga ta fashe ba, ya mayar da bututun. Mutane suka yi da'ira suna kallon ƙirjin da suka zo binnewa yana tashi yana sauka.

"To, kun gani," in ji Kawu Babaji. "Ladan da kuka biyo yana nan, hanya ce ta sauya. Daidai ƙugu za ku riƙe. Wanda ya gaji a karɓe shi, kada a tsaya. Subhanallahi wa bihamdihi."

Idi ya danna.

Abin da ya kusa kai Almu kabari shi ya kai shi asibiti da wuri. Mutum ɗari suna karɓa-karɓa, ba wanda ya yi taku ashirin, makarar tana tafiya kamar a kan ruwa. Masu motoci suka ja gefe. Mai gadin asibitin ya tare su ya nuna musu hanyar ɗakin ajiye gawa, taron duka suka amsa masa baki ɗaya cewa mai rai ne.

Likitan ya saurari Sada, ya taɓa wuyan, bai ɓata lokaci ba. Aka zura wa Almu bututun roba a maƙogwaro, aka haɗa da wata jakar roba baƙa da ake matsawa da hannu. Ya ce ba su da maganin wannan dafin, kuma ba ya jin akwai shi a ko'ina. Hannu dai za a yi ta sawa har Allah ya sa ya sake shi. Ma'aikatan jinya ba su da yawa, don haka Sada da Idi suka shiga layin matsawa, awa ɗaya-ɗaya. Da yamma Mista Magno ya zo, ya ɗaga fatar idon Almu ya yi masa magana da gurguwar Hausarsa cewa ya yi haƙuri, ya karɓi jakar shi ma ya yi awarsa. Gwangwanin kuwa ya ce a ɗaure murfinsa da waya, kada kowa ya sa hannu.

Washegari da hantsi, Sada ne ke riƙe da jakar. Yatsunsa sun ƙage, ya daina jin su. Ya matsa, ya saki, zai sake matsawa sai ya ji jakar ta motsa da kanta a tafinsa, ta ɗan lotsa kaɗan. Ya tsaya. Ta sake lotsawa.

"Kawu," ya ce a hankali. "Zo ka taɓa."

Dattijon ya ɗora hannu. Suka tsaya su biyu, ba mai matsawa, jakar tana shiga tana fita.

Sai bayan La'asar aka cire bututun. Idon ya buɗe rabi, ya zagaya ɗakin, ya tsaya a kan Kawu Babaji. Muryar ta fito a shaƙe, sai da suka sunkuya.

"Kawu. Na ji shaidar da ka yi mani. Ta yi kyau. Ka adana ta."

Dattijon ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, ba a san ko dariya yake ko kuka ba.

Idon ya koma kan Idi, wanda ke tsaye a ƙarshen gado da zugazugin a hammata, don tun jiya ya ƙi ajiye shi.

"Kai kuma. Ɗinkin wuyan nan yana yoyo ta hagu. Duk dannawar da ka yi ina jin shi."

"Yoyo? Da shi ka kai yanzu kana yi mani tsiya."

"Kawo shi gida in gyara. Ba zan bar shi ya fita da sunana haka ba."

Sada ya zauna a bakin gadon, ya ɗora hannunsa bisa ƙirjin yayansa. Likita ya riga ya ce ba sai an ƙara ƙidayawa ba, amma ya ci gaba da ƙidayawa.